Return of the Fly ko Curse of the Fly: wanne ya cancanci darenka?

Duk wanda ya kalli The Fly na 1958 har ƙarshe, ya ga ɗan ƙudan nan mai kan mutum maƙale a saƙar gizo-gizo yana neman agaji da 'yar siririyar murya, da wuya ya tashi bai tambayi abin da ya biyo baya ba. Finafinai biyu ne suka biyo baya. Akwai Return of the Fly na 1959, akwai kuma Curse of the Fly na 1965. Dukansu baƙi da fari ne, dukansu da ɗan kuɗi kaɗan aka yi su, kuma dukansu sun fito ta hannun mutum ɗaya, Robert Lippert, wanda sana'arsa ke nan, haɗa wa kamfanin 20th Century Fox finafinai masu araha. Amma in ka cire wannan, da sunan iyalin Delambre, da na'urar da ta zame musu masifa, kusan babu abin da ya haɗa su. Wanda ya zaɓa da ka, bisa suna kawai, zai iya faɗawa kan wanda ba shi yake nema ba.

Ga wanda bai ga na farkon ba, ga shi a taƙaice. André Delambre masanin kimiyya ne a birnin Montreal na Kanada. Ya ƙera na'ura mai akwati biyu, wadda ke tarwatsa abu a wannan akwatin ta sake haɗa shi a wancan. Ranar da ya gwada ta a kan kansa, ƙuda ya shiga tare da shi bai sani ba, sai ya fito da kan ƙuda da hannun ƙuda, shi kuma ƙudan ya tashi da nasa. Da ya ga hankalinsa na neman gushewa, sai ya roƙi matarsa Hélène ta taimaka masa ya mutu a ƙarƙashin injin matse ƙarfe na masana'antarsu. Kurt Neumann ne ya ba da umarni, James Clavell ya rubuta, daga gajeren labarin George Langelaan da aka buga a 1957. Fim ne mai kala, an kashe masa kuɗi daidai gwargwado, ya kuma yi kasuwa sosai. Neumann bai daɗe a duniya ba bayan fitowarsa, ya rasu a watan Agustan 1958. Saboda haka lokacin da Fox ta ga riba ta ce a yi kashi na biyu, sai aka miƙa aikin ga wasu hannaye, aka kuma tsuke bakin aljihu.

Return of the Fly shi ne ci gaba na kai tsaye. Edward Bernds ne ya rubuta ya kuma ba da umarni, mutumin da ya fi suna wajen finafinan barkwanci na Three Stooges da Bowery Boys. Labarin ya buɗe da jana'izar Hélène ana ruwan sama. Philippe, yaron da muka bari ƙarami a fim na farko, yanzu ya zama saurayi, Brett Halsey ne ya fito a matsayinsa. Ya matsa wa baffansa François lamba sai ya faɗa masa yadda mahaifinsa ya mutu, da ya ji kuma, maimakon ya ji tsoro sai ya ɗaura ɗamarar ƙarasa aikin. François ya ƙi ba da kuɗi, Philippe ya ce to zai sayar da kasonsa na kamfanin iyali, dole baffa ya sauko. Vincent Price ne François, kuma shi kaɗai ne daga manyan 'yan wasan fim na farko ya dawo. Herbert Marshall da ya fito a Sufeto Charas bai dawo ba, sai aka ƙirƙiro wani Sufeto Beecham aka ba John Sutton.

Abin da Bernds ya ƙara a labarin shi ne mugu. A fim na farko babu mugu, tsautsayi ne kawai da gaggawar mai ilimi, shi ya sa yake da ciwo. A nan kuwa Philippe yana da abokin aiki, Alan Hinds, wanda David Frankham ya taka. Ashe sunansa na gaskiya Ronald Holmes, ɗan damfara ne da ake nema a Ingila, kuma shirinsa shi ne ya sace zanen na'urar ya sayar ta hannun wani Max, mai gidan shirya gawa da ke dillancin kayan sata ta bayan fage. To daga nan fim ɗin ya koma rabin labarin 'yan fashi, rabin labarin dodo.

Wuri ɗaya a cikinsa ya fi sauran duka. Wani jami'in tsaro ya biyo sawun Alan har ɗakin gwaje-gwaje. Alan ya buge shi, ya rasa inda zai ɓoye shi, sai ya cusa shi cikin na'urar ya tarwatsa shi. Bai lura ba cewa akwai ɓeran Masar da aka riga aka tarwatsa a gwajin da ya gabata, ba a dawo da shi ba tukuna. Da ya sake kunna na'urar, sai mutumin ya dawo da dagin ɓera a madadin hannuwa da ƙafafu, ɓeran kuma ya fito da 'yan hannuwan mutum yana motsa su. Alan ya sa takalmi ya take shi. Dabarar ɗaukar hoton ba wata mai tsada ba ce, ana iya gane yadda aka yi, amma tsigar jiki tana tashi, domin abin ya zo ba zato kuma muguntar ta mutum ce, ba ta dodo ba. Da Bernds ya ci gaba a kan wannan layin, da yanzu wata magana ake yi.

Sai dai kash, an riga an yi wa 'yan kallo alkawarin ƙuda a jikin fasta. Saboda haka Alan, wanda ya san Philippe na tsoron ƙuda tun yarinta, ya sumar da shi ya jefa shi cikin akwatin, ya kamo ƙuda da gangan ya saka masa. Abin da ya fito yana da hannu da ƙafa na ƙuda, da wani ƙaton kai wanda ya ninka na fim ɗin farko nesa ba kusa ba. Nan ne matsalar take. A 1958 an rufe kan André da baƙin mayafi tun daga hatsarin har zuwa can gaba a fim ɗin, ana jin ƙarar yadda yake zuƙar abinci ba a ganinsa, sai da zuciyar mai kallo ta gama zana abin da kanta sannan aka yaye. A 1959 kuwa an saki dodon a fili yana gudu cikin daji, kan yana rinjayarsa, wani lokaci har sai ka ga kamar mai sanye da shi yana tallafe shi kada ya faɗi. Ɗan ƙudan kuma fuskar Halsey ce kawai aka ɗora a kan hoton ƙuda. Yau da wuya wannan ya tsorata ko yaro ɗan firamare. Dariya zai ba shi.

Ƙarshensa ma mai daɗi ne. Dodon ya bi Max da Alan ya kashe, ya dawo gida, an kamo ƙudan, an mayar da su cikin na'ura, Philippe ya fito garau ya rungumi budurwarsa Cécile. Wato abin da mahaifinsa ya mutu saboda rashinsa, shi ya same shi cikin 'yan mintuna. Wannan yana rage wa fim na farko nauyi in ka tsaya ka yi tunani, amma Return of the Fly ba fim ba ne da yake so ka tsaya tunani. Minti 80 ne, ba ya jan ƙafa, an haɗa shi da The Alligator People ana nuna su biyu a tikiti ɗaya, kuma matasan da suka biya kuɗinsu a wancan lokaci sun sami abin da suka je nema. (Wani abin ban dariya: an ce shekaru da yawa sun wuce har yaro ya girma, amma motoci da tufafi da wayoyin tarho duk na 1959 ne, François kuma ko furfura bai ƙara ba sosai. Ba wanda ya damu.)

Vincent Price fa? Gaskiya masoyansa su rage buri. Yana nan, muryar nan tasa mai santsi tana nan, yana ɗaga gira yana gargaɗi, amma ba shi ne mugun ba, ba shi ne dodon ba, kuma da Alan ya harbe shi sai ya koma jinya, labari ya ci gaba ba da shi ba. Duk da haka shi ne ke riƙe da mutuncin fim ɗin. In yana magana sai ka ji kamar abin da gaske ne.

Curse of the Fly wata duniya ce daban, kuma abu na farko da ya kamata mai zaɓe ya sani shi ne babu mutum mai kan ƙuda a cikinsa. Hotonsa kawai ake nunawa a wani wuri, don tuna baya. Babu Vincent Price kuma. An yi fim ɗin ne a Ingila, inda Lippert ya koma yin aiki tare da Jack Parsons saboda can ya fi sauƙin kuɗi, duk da cewa labarin yana nan a Kanada. Harry Spalding ya rubuta, Don Sharp ya ba da umarni. Sharp haifaffen Tasmaniya ne a Ostareliya, kuma kafin nan ya yi wa kamfanin Hammer fim ɗin The Kiss of the Vampire a 1963. Ya san yadda ake sa gida ya zama abin tsoro ba tare da an kashe ko sisi a kan dodo ba.

Buɗewar fim ɗin kaɗai ta isa shaida. Gilashin taga ya fashe, gutsattsarinsa na tahowa wajen kyamara a hankali kamar suna iyo cikin ruwa. Wata mace ta diro ta tagar tana gudu cikin dare, a hankali ita ma, kiɗan fiyano mai taushi na tashi, irin wanda za ka zata na fim ɗin soyayya ne. Sai da ta wuce ƙofar shiga sannan aka nuna allon da ke gaya maka daga asibitin masu taɓin hankali ta gudo. Ba a furta kalma ɗaya ba, amma an riga an sa maka shakka a kan duk abin da idonta zai gani nan gaba. A nan zan yi gargaɗi ga mai niyyar kallo da iyali: matar da kayan ciki kawai take gudu a wannan wurin, kuma an ɗan ja shi. Return of the Fly ba shi da irin wannan.

Sunanta Patricia Stanley, makaɗiyar fiyano ce, Carole Gray ta fito a matsayinta. Martin Delambre, wato George Baker, ya tsince ta a hanya cikin motarsa. Cikin 'yan kwanaki suka yi aure a Montreal, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa sirri. Ita ba ta faɗi inda ta fito ba. Shi kuma abin da ya ɓoye ya fi nata muni. Shi da mahaifinsa Henri da ɗan'uwansa Albert sun kai na'urar matakin da take aika mutum daga Kanada zuwa Landan, amma kafin a kai nan an yi gwaje-gwajen da suka ɓaci, kuma waɗanda abin ya ɓaci a kansu ba su mutu ba. Suna kulle a wasu ɗakuna kamar barga a bayan gida, ana tura musu abinci. Biyu ma'aikatansu ne. Ta ukun ita ce Judith, matar Martin ta fari, wadda rabin fuskarta ya narke.

Mai kallo Bahaushe zai gane wannan gidan tun kafin a yi masa bayani: an kawo amarya, ba a gaya mata akwai uwargida ba, uwargidan kuma tana kulle a bayan gida, ga wata mai aiki da ta tsaya tsayin daka a bayan uwargida tana ƙin amarya ƙiri-ƙiri. Mai aikin, Wan, takan buɗe wa Judith ƙofa da dare. Patricia ta farka ta ji ana kaɗa fiyano a ƙasa, ta sauko, ta tarar da mace zaune ta ba ta baya tana kiɗa, hannu ɗaya na tafiya daidai ɗayan yana dagula sautin. Matar ta juyo. Da gari ya waye kowa a gidan ya ce mata mafarki ta yi. Ka tuna daga inda ta gudo. Ba ta da wanda za ta kai wa ƙara, domin ita kanta ta fara zargin ciwonta ne ya dawo, mijin da ya kamata ya kare ta kuma yana cikin masu ƙaryata ta. Wannan zaluncin na cikin gida, wanda ake yi da murmushi da kofin shayi, shi ne ainihin abin tsoron fim ɗin, kuma bai tsufa ba ko kaɗan.

Brian Donlevy ne Henri. Masu bin irin waɗannan finafinai sun san shi a matsayin Farfesa Quatermass a finafinan Hammer na 1955 da 1957. A nan ya manyanta, jikinsa ya yi nauyi, wani lokaci maganarsa na fita kamar ya gaji, amma hakan ya dace da mutumin da yake takawa: dattijo mai fara'a wanda zai yi maka maganar ci gaban ɗan Adam da kawar da yunwa, a numfashi na gaba kuma ya ce a kawar da mutanen da ke kulle kafin 'yan sanda su zo. Ba ya ihu, ba ya zare ido. Ya yi imani da abin da yake yi, shi ke nan. Martin kuma yana ɗauke da nasa gadon: jininsa ya gurɓace tun daga hatsarin farko, tsufa na auko masa farat ɗaya, sai ya yi wa kansa allura yake dawowa daidai. Albert da ke Landan shi ne mai sauran imani a zuciya, kuma wurin da aka aiko masa da mutane biyu a lokaci guda suka iso a cure wuri ɗaya suna motsi, ya ɗauki gatari, yana cikin wurare mafi tayar da hankali a finafinan ƙudan nan uku. Ba zan faɗi yadda aka ƙare ba. Abin da zan ce kawai, ba a tashi da runguma ba.

Yana da nasa aibun, kuma ba ƙanana ba ne. Tsakiyarsa tana da sanyin jiki, musamman inda Sufeto Ronet ke yawon bincike, ya je wajen shugabar asibiti, ya je wajen tsohon Sufeto Charas don a ba shi tarihin iyalin. Tarihin ma da aka bayar bai yi daidai da finafinai biyun farko ba. Henri bai taɓa fitowa a cikinsu ba, kuma in ka zauna kana lissafin wane ne ɗan wane, kanka ne zai yi ciwo a banza. Kwalliyar fuskokin waɗanda aka kulle ta roba ce mai araha, tana aiki ne kawai idan haske ya yi ƙasa. Sannan ga Wan: Yvette Rees Baturiya ce 'yar Wales aka ja mata ido aka ce 'yar Sin ce, alhali mijinta a fim ɗin, Tai, Burt Kwouk ne, wanda aka sani da Cato a finafinan Pink Panther, shi kuwa asalinsa ɗan Sin ne. In suka tsaya tare abin yana da ban kunya. Al'adar masana'antar ce a lokacin, amma sanin haka ba ya sa ta yi kyan gani.

To wanne? Ya danganta da yadda za ka zauna. Idan taron abokai ne, ana hira ana tsokaci, wani na shiga wani na fita, Return of the Fly ne naku. Labarinsa a miƙe yake, ko wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba zai bi shi da ido kawai, ga mugu a fili, ga dodo, ga ramuwar gayya, ga wurin dariya. Haka nan idan abin da ya dame ka shi ne sanin makomar yaron nan Philippe da baffansa, shi kaɗai ne zai ba ka amsa. Amma sharaɗinsa sai ka ga na 1958 tukuna, in ba haka ba rabin maganganun François ba za su yi maka ma'ana ba.

Idan kuwa kai kaɗai ne, dare ya yi, kana son fim da zai zauna maka a rai, Curse of the Fly ya fi, kuma a ganina ba kusa ba. Yana buƙatar ka ji abin da ake faɗa, domin ƙaryar da ake yi wa Patricia a baki take. Ba ya buƙatar ka ga na farko, har ma gara ka manta da shi. Dalilin fifikonsa a wurina shi ne yadda kowannensu ya yi da talaucinsa. Bernds ya ɗauki ɗan abin da ke hannunsa ya zuba a kan ƙaton kai na roba, ya kuma haska shi da fitila, saboda haka duk shekarar da ta wuce sai ƙaryar ta ƙara fitowa. Sharp ya san ba shi da kuɗin dodo, sai ya sayi duhu da ƙofofi a kulle da sautin fiyano, waɗannan kuwa farashinsu bai canza ba tun 1965. Shi ne kuma ya fara tambayar da ta fi dacewa da na'urar: ba wai me zai faru in ƙuda ya shiga ba, a'a, me take yi wa naman mutum ko da babu ƙuda, kuma wa ake gwadawa a kansa kafin a ce ta yi kyau? Wanda ya ga The Fly na David Cronenberg na 1986, inda jikin Jeff Goldblum ke lalacewa kaɗan-kaɗan, zai ga cewa a cikin tsofaffin ukun, na 1965 ne ya fi kusa da wannan tunanin.

Ba mamaki mutane da yawa ba su san shi ba. Bai yi kasuwa ba da ya fito, kuma ya daɗe ba a samunsa a kaset, sai a 2007 da Fox ta haɗa ukun a faifan DVD. Daga baya, a 2019, kamfanin Scream Factory ya fitar da su a Blu-ray tare da na 1986 da The Fly II na 1989. A kula da wannan na ƙarshen wajen nema, domin shi ma kashi na biyu ne kuma jaruminsa ma Martin ne sunansa, amma ci gaban na Cronenberg ne, Chris Walas ya ba da umarni, Eric Stoltz ya ja fim ɗin, kuma jini da ƙazantar da ke cikinsa ba na mai raunin zuciya ba ne.

Ko wanne ka ɗauka, nemi kwafin da hotonsa ke da faɗi, mai baƙin layi sama da ƙasa. Duka biyun da tsarin CinemaScope aka ɗauke su, kuma tsofaffin kwafin da aka yanke wa gefe don su cika akwatin talabijin suna cinye kusan rabin hoton. A Return of the Fly asarar ba ta da yawa, tunda dodon a tsakiya yake tsayawa. A Curse of the Fly kuwa Sharp yakan ajiye Patricia a wannan gefe, abin da ke leƙenta a wancan, saboda haka a yankakken kwafi za ka ga mace tana firgita ba ka ga abin da ya firgita ta ba.